Me ya sa finafinan shekarun 1930 ba sa yanke ƙafar mai rawa?

Mai Bidiyo, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma ku yi haƙuri in fara da abin da ya jawo ta.

Ɗaukar bidiyon biki da suna ita ce sana'ata, shekara tara ke nan a nan Kumasi. Aboabo, Asawase, Sawaba, Alabar, har Tafo in an kira ni. Bara bayan babbar Sallah na ɗauki bikin wata yarinya a layinmu. Da la'asar sakaliya aka shigo da kakar amarya, tsohuwa ce da ta ba tamanin baya, da sanda take tafiya. Mai kalangu yana ganinta ya saki kiɗan da yake yi ya kama wani na da, wanda ni ban ma san shi ba. Sai tsohuwa ta miƙa wa jikarta sandar, ta gyara ɗaurin zani, ta shiga fili. Ba tsalle, ba juyi. Rawar duka a ƙafa take. Ta ja ta dama a ƙasa, ta dangwala diddige sau biyu, ta tsaya cak har ka ce ta fasa, sai ta saki ta hagu daidai lokacin da mai kalangu ya matse shi a hammata. Mata suka ɗauki guɗa, masu liƙi suka yi caa.

Da idona na ga wannan. Kyamarata kuwa tana wani wuri. Na matso da ita kan fuskar tsohuwa, na juya kan amarya tana share hawaye, na bi hannuwan masu liƙi. Da na zauna tacewa na yayyanka shi gutsi-gutsi, daƙiƙa ɗaya daƙiƙa biyu, na cire kalangun na ɗora wata waƙa da ake yayi. Kowa ya yaba, har na samu aiki biyu ta dalilinsa.

Wata huɗu a tsakani Allah ya yi mata rasuwa. Bayan addu'ar arba'in 'yarta ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Ɗana, ka kawo min rawar Mma yadda take, ba wadda ka yanka ba. Ina so jikoki su ga yadda take taka ƙasa." Na koma na zazzage memori uku. Fuska akwai, gyale akwai, kuɗi a goshi akwai. Ƙafarta ba ta fito ba ko sau ɗaya. Har yau in zan wuce gidan sai na ji nauyi a ƙirjina.

Ana cikin haka, wani dare an ɗauke wuta ina kwance a baranda ina latsa waya, YouTube ya kawo min guntun wani fim fari da baƙi, Swing Time na 1936. Fred Astaire da Ginger Rogers a ɗakin koyon rawa mai ɗan gajeren shinge a kewaye. Shi da kwat, ita da baƙar riga mai farin wuya. Suka fara a hankali, takalmansu na ƙwas-ƙwas a kan katako, suka yi ta ƙara wuta, ya ɗaga ta ta haye shingen, ya bi ta, suka dawo, suka fice. Fiye da minti biyu ina bi da idon mai tacewa, ban ga inda aka yanka ba. Kuma daga gashin kai har tsinin takalmi babu abin da ya fita daga hoto. Kyamarar tana bin su dama da hagu a hankali kamar mai rakiyar baƙo, ba ta matsowa, ba ta nuna kanta. Sau bakwai na kalla a daren har data ta ƙare.

Washegari na nemi wanda ya girme shi, na samu The Broadway Melody na 1929, fim mai magana na farko da ya ci babbar kyautar Oscar. Nan kuma wani abu dabam na gani. Ana ganin ƙafa, amma komai a sandare yake. 'Yan rawa sun jeru can nesa a kan dandamali, kyamara ta kafe kamar an dasa ta, muryoyi na fitowa kamar daga cikin gwangwani. Shekara bakwai kacal tsakaninsu.

To ga tambayata. Me ya ɗaure su a 1929, me kuma ya kwance su daga baya? Sannan da aka kwance su ɗin, me ya sa suka bar mai rawa ya fito cikakke, alhali mu yau da kayan aikin da ba su taɓa gani ba, yanka muka fi iyawa? Wanda ya san finafinan nan ya nuna min inda zan sa ido. Aiki nake so in gyara.

Ɗan Sauti, Asawase

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya jiƙan tsohuwa. Ni a ɓangaren sauti nake aiki a wani gidan rediyo a nan garin, tambayarka ta farko a gonata ta faɗo.

Makirfo ne ya ɗaure su. Kafin 1927 fim bebe ne. Kyamara na yawonta, darakta na ɗaga murya yana ba da umarni ana tsakiyar ɗauka, ba wanda zai ji. Da kamfanin Warner ya fito da The Jazz Singer a watan Oktoban 1927, mutane suka ga bakin mawaƙi Al Jolson na motsi kuma waƙa na fita daga cikinsa, sai kowane kamfani ya rufta. To kyamarar wancan zamanin ƙara gare ta kamar keken ɗinki, shi kuwa makirfo ba ya zaɓe, abin da ya ji shi yake kwashewa. Dabarar da suka yi ita ce su gina ɗan akurki mai kaurin bango da tagar gilashi a gaba, su rufe kyamara da mai ɗaukarta a ciki. Ka ɗauka an kulle ka a kiyos ɗin katako a kasuwar Kejetia da azahar, ba iska, kuma an ce ka bi mai rawa. Ta ina? Iyakarka abin da tagar ta nuna maka.

Ga kuma makaɗa gaba ɗayansu zaune a gefen dandamali suna kiɗa a daidai lokacin da ake ɗauka. Makirfo ɓoye yake a tukunyar fure ko a rataye wuri ɗaya, mai waƙa in ya yi taku uku gefe muryarsa ta tafi. Su Warner ma a kan faifan garmaho suke naɗar sautin, faifai mai faɗin inci 16, kowanne na tafiya da naɗin fim ɗaya na kamar minti 11. Fim kana iya sa masa almakashi, faifai fa? Shi ya sa sukan jera akurki biyu ko uku su ɗauki waƙa daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Mai busa ɗaya ya kuskure, kowa ya koma farko.

Abin da ya kwance su abu ne da ni da kai muke yi kullum ba ma ko tunani: a naɗi waƙa tukuna, a zo wurin ɗauka a kunna ta a lasifika, 'yan wasa su bi da baki da ƙafa. A cikin shi Broadway Melody ɗin da ka kalla an gwada haka. Akwai wata rawa da aka ce a sake ɗauka, sai mai kula da sautin kamfanin MGM, Douglas Shearer, ya ce ba sai an sake tara makaɗa ba, a kunna wanda aka riga aka naɗa. Daga baya suka yi wa kyamara riga mai kauri da ke danne ƙararta, ta fito daga akurki, suka rataya makirfo a bakin doguwar sanda yana bin mutum ta sama, aka bar faifai aka koma buga sauti a gefen fim ɗin kansa. Kafin duk wannan ya kankama sun riga sun ƙosar da jama'a da finafinan waƙa masu kama ɗaya, har kamfanoni suka riƙa cire waƙoƙi daga fim ɗin da aka gama. Sai a 1933 da 42nd Street ya fito kasuwar ta farfaɗo.

Ƙwas-ƙwas ɗin da ka ji a Swing Time kuma, ba a wurin rawar aka ɗauke shi ba. Bayan an gama sai a shiga ɗakin sauti a haska hoton, mutum ya sa takalmi ya sake taka kowane bugu daidai da abin da yake gani. Astaire shi yake yin nasa. Na Ginger Rogers kuwa sau da yawa abokin aikinsa Hermes Pan ne yake takawa. Ni da na san wahalar daidaita tafi ɗaya da hoto, na sara musu.

Tambayarka ta biyu, shi Astaire sharaɗi ya kafa: a ɗauke shi cikakke, a rage yanka iya yiwuwa. An ruwaito yana cewa ko dai kyamara ta yi rawa ko shi ya yi. Wanda ya yi makonni yana atisaye a kan rawar minti uku ba zai yarda a ɓoye masa ƙafa ba.

Baba Afareta, Nima

Ɗana Mai Bidiyo, jikana ne yake rubutawa ni ina faɗa, ido ya yi rauni. Shekara goma sha shida na yi ina haska fim a nan Accra, daga yaron afareta har na zama afareta, kafin dokar hana fitar dare ta farkon shekarun 1980 da zuwan bidiyo su kashe mana kasuwa. Yau gidajen da muka sani, wani ya zama coci, wani sito.

Yankan da kake magana, ni da hannuna na yi shi, kuma ba da son raina ba. Fim yana zuwa mana ya riga ya zaga duniya, ya sha inji, ya tsufa. In ya tsinke ana tsakiyar kallo, ka yanke inda ya lalace, ka kankare bakin, ka shafa gam, ka haɗe. Hoto 24 ne suke wucewa a daƙiƙa ɗaya. In ka cire goma a wurin hira ba kowa zai gane ba. Amma ka cire goma a tsakiyar rawa, ƙafar da ta tashi ba za a ga saukarta ba, sai dai a ga mutum ya ɓulla wani wuri. Nan take gida zai ɗauki ihu, ana buga benci, ana kiran afareta. Mutanen Nima da Mamobi ba su yi makarantar fim ba, amma sun san rawa. Ka ci musu magana su yafe, ka ci musu taku ba za su yafe ba. Kuma sauti ba ya zama kusa da hotonsa a jikin fim, yana gaba da shi da hoto 20. In ka yanka wuri ɗaya ɓarna biyu ka yi: ƙafa ta ɓace yanzu, bayan kusan daƙiƙa ɗaya kiɗa ma ya yi tuntuɓe.

A zamaninmu na Indiya ne suke cika gida. A silimar Dunia da Orion da Opera, in an sa na Indiya layi har ya karya kwana. To su ma ta wannan ƙofar suka shigo. Fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara, ya fito a Bombay ran 14 ga Maris 1931, da waƙa bakwai a ciki. Inda suka yi aikin kusa da layin dogo yake, dole sai tsakar dare bayan jirage sun lafa suke ɗauka. Shekara ɗaya bayan nan aka yi Indrasabha mai waƙa wajen saba'in. Kunna waƙa a bi da baki da yaron nan na Asawase ya faɗa, sai a 1935 ta isa wurinsu, a Kalkata. Shi Alam Ara ko gida za ka bayar ba za ka same shi ba, babu kwafi ko ɗaya da ya rage. Fim ɗin da kamar fetur yake, in bai kama wuta ba ya ruɓe a cikin gwangwaninsa. Maigidana da ya koya min aiki ya riski irinsa, har ya bar aiki bai yarda an shigo da ashana ɗakin inji ba.

Abin da nake so ka sani, wannan rawar ta bugun takalmi ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Maigidana ya ba ni labarin Palladium ta Alfred Ocansey, inda ake nuna fim kuma ake wasa a dandamali. 'Yan konsat na farko, wato masu wasan dandamali na waƙa da barkwanci, su Bob Johnson da Axim Trio a shekarun 1930, daga irin waɗannan finafinan da faya-fayan garmaho suka ɗebi abubuwa da yawa. Su buɗe wasa da waƙar Turanci da bugun takalmi, sannan su juya zuwa labarin gida. In kana kallon su Astaire kada ka ɗauka kayan wasu kake leƙe. Abin ya taɓa ratsawa ta nan.

Shawarata, ka kashe sauti ka kalli ƙafa kawai. Sannan ka rufe ido ka saurari takalmi kawai. Sai a na uku ka haɗa. Haka nake gwada sabon fim da safe kafin a buɗe ƙofa, ni kaɗai da kujeru. Allah ya yi maka albarka.

Hajiya Mai Keke, Sabon Zongo

Ƙanena, na karanta labarin tsohuwa sai da na ajiye wayar na yi shiru. Amma zan ɗan saɓa wa su Baba, su yafe min.

Ni tela ce, ban san kan kyamara ba. Na je Bronx a Amurka wankan jegon 'yata lokacin sanyi, wata uku ban taka waje ba sai asibiti. Akwai wata tasha da ba ta nuna komai sai tsofaffin finafinai, ita ta zame min abokiyar hira in jariri ya yi barci. A nan na ga aikin mai tsara rawa Busby Berkeley, kuma shi da Astaire hannun riga ne. Shi bai damu da ƙafar mutum ɗaya ba. Zai tara 'yan mata rututu, ya hau can ƙololuwa da kyamara ya leƙo ƙasa, sai ka ga sun zama fure yana buɗewa yana rufewa, sun zama tauraro. Na ce wannan ai aikin wuyan babbar riga ne, sai dai da mutane ya yi ɗinkinsa maimakon zare. Ashe soja ne a yaƙin duniya na farko, fareti yake tsarawa. A Footlight Parade na 1933 cikin ruwa ya jera su. A Gold Diggers of 1933 kuma ya ba su goge mai fitila a jiki, ya kashe wuta, gogunan suka haɗu suka zama ƙaton goge guda a cikin duhu. Da ya dasa kyamara wuri ɗaya a gaba, da ba a ga ko ɗaya ba. Gaskiya akwai shigar da ba ta dace ba, musamman a na kafin tsakiyar 1934 da aka tsaurara dokar tace finafinai a can. Waɗannan nakan wuce su.

Amma abin da ya shigo da ni maganar shi ne waƙar ƙarshe ta Gold Diggers ɗin. Bayan duk ƙyale-ƙyalen nan, sai fim ya rufe da titi cikin dare, mace a gindin turken fitila, wani mutum yana tsintar guntun taba a ƙasa. Wata baƙar mace tana bakin taga tana rera waƙa a kan mazan da aka manta. Sai ga sojoji suna maci ana ta murna, sai ga su suna dawowa cikin ruwan sama, wani ɗaure da kai, wani a kafaɗar ɗan'uwansa, sai ga su kuma a layin karɓar burodi sun ɗaga wuyan kwat saboda sanyi. Lokacin karayar arzikin Amurka ne, kuma a 1932 'yan mazan jiya sun yi zaman dirshan a Washington suna neman haƙƙinsu, aka kore su da soja.

Mahaifina ya yi yaƙin Bama. Ya dawo da lambobi a ƙirji da alkawura a kunne, ya ƙare yana gadi a Adum. Duk shekara in 28 ga Fabrairu ta zo sai ya kira sunayen Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, waɗanda aka harbe a 1948 suna hanyar kai takardar koke fadar gwamna a Osu. Ina zaune a ɗakin 'yata, jariri a cinya, na ga fuskokin mutanen layin burodin nan ɗaya bayan ɗaya, kuka ya ƙwace min. Fuska ce ta yi min wannan, ƙanena, ba ƙafa ba. Kyamara ta matso, kuma daidai ta yi. To kada ka ce daga yau ka daina matsowa. Hawayen amarya da ka ɗauka ba laifi ba ne, sai dai ranar nan maganar a ƙafar tsohuwa take.

Ka nemi farkon Love Me Tonight na 1932. Birnin Faris ne yake farkawa. Ƙararrawa, sai mai diga a titi, sai minsharin wani, sai tsintsiya, sai masu gyaran takalmi suna buga ƙusa, kowanne na hawa kan na ɗan'uwansa har ya zama kiɗa, ba ganga ko ɗaya. Kai da kake Aboabo ka san wannan kiɗan: turmin fufu, mai gyaran takalmi yana buga akwati, yaran mota suna kiran Kejetia. Jarumin fim ɗin ma tela ne.

Sai rigar gashin jimina da Ginger Rogers ta sa a Top Hat na 1935. Ka duba da kyau za ka ga gashin yana tashi yana zuba suna cikin rawa. Amma dubi yadda rigar take bin juyi, jiki ya iso, ita ta iso bayansa. Wanda ya yanke hoton a ƙugu ya zubar da aikin tela.

Malama, Madina

Hajiya, matar nan ta bakin taga sunanta Etta Moten, kuma ta taka ƙasar nan. Ita da mijinta Claude Barnett suna cikin baƙin da suka zo bikin 'yancin kai a watan Maris na 1957, har ta yi hira da Martin Luther King a nan Accra.

Ita ce ta kawo ni ga abin da nake so Yaya Mai Bidiyo ya riƙe. Tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma ba na iya kallon finafinan nan ban ga wanda aka tura gefe ba. Jolson a The Jazz Singer fuska ya shafe da baƙi yana kwaikwayon baƙar fata, al'adar da aka gina a kan yi wa bayi da jikokinsu dariya. Shi kansa Astaire, a cikin Swing Time ɗin da ya burge ka, akwai rawar da ya yi da shafaffiyar fuska. 'Yan konsat ɗinmu da Baba ya ambata su ma sun ɗauki shafin. Ban ce kada a kalla ba, a kalla dai ana sane.

Ita rawar bugun takalmin, baƙaƙen Amurka suna da babban kaso a gininta. Ka nemi Bill Robinson yana hawa matakala yana sauka a The Little Colonel na 1935, shi da 'yar yarinya Shirley Temple. Dattijo ne da ya haura hamsin, jiki a miƙe, takalminsa mai ƙasan katako yana ba kowace matakala muryarta. A labarin fim mai hidimar gida aka ba shi, a ƙafa kuwa shi ne malamin kowa. Wannan ya fi kusa da rawar tsohuwarka. Sannan 'yan'uwan nan biyu, Fayard da Harold Nicholas, a Stormy Weather na 1943, suna tsallake kan juna suna dirowa a kan matakala ƙafafu a ware. A finafinai da yawa rawar baƙaƙe ana ajiye ta ne ita kaɗai, ba ta manne da labari, don gidajen silima na kudancin Amurka su iya cire ta. Ka ga akwai yankan da ya fi naka ciwo, kuma da gangan aka yi shi.

Na nuna wa ɗalibaina na Bill Robinson. Wani yaro ɗan Tamale ya ce rawar bamaya ta tuna masa, yadda kayan ƙafa ke ba da nasu sautin.

Mai Bidiyo, Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi shawararka a kan Bill Robinson. A na ukun ne na gane ba bin kiɗa yake ba, amsa masa yake, kamar yadda tsohuwa take yi da mai kalangu. Hajiya, maganarki ta zauna min. Malama, na koma na ga wurin shafaffiyar fuskar, da wucewa na yi ban tsaya na yi tunani ba.

Ran Asabar na yi aiki a Sawaba. Na aro kyamara ta biyu, na kafa ta daidai tsayin ƙugu, na ja baya har fili ya shigo duka, na ce wa yarona ko me ake kada ya taɓa ta. Ta hannuna kuma na bi fuskoki da ita. Wahalar ita ce masu liƙi, suna shiga gaba su rufe komai, sai da na roƙi uwar biki ta sa a riƙa zagayowa ta gefe. Kalangun ma na bar shi, ban ɗora waƙa ba. Uwar amarya ta ce bidiyon bai yi sauri irin na 'yan yanzu ba, amma sau uku ta sa na maimaita mata rawar ƙanwarta.

Sai maganar tsohuwa. Na bi gida gida ina tambayar waɗanda suka ɗauka da waya ranar. Biyar na samu, huɗu duk irin nawa ne, fuska da kuɗi. Na biyar wani yaro ne ɗan shekara takwas da uwarsa ta ba shi waya don ya yi shiru, yana zaune a ƙasa a bakin tabarma. Daƙiƙa 26 ne, hoton na girgiza, kan tsohuwa ma bai fito ba. Amma ga gefen zani, ga lalle a diddige, ga jan ƙafar dama, ga tsayawar nan, kuma ana jin kalangu sarai. Ɗan Sauti, akwai ihun yara a kai, zan kawo maka gobe da safe ka ga ko za a iya rage shi ba tare da an taɓa kiɗan ba. In ka gama, bayan la'asar zan kai wa 'yarta.